Yadda Ake Neman Gurbin Digiri na Biyu a Injiniyanci a Kumasi, Har a Fito da Takarda a Hannu

Wata la'asar muna fitowa daga masallaci a Aboabo, wani ƙanena na unguwa ya tare ni da murnarsa. Ya gama bautar ƙasa, ya karanta injiniyancin gine-gine, ya ce: "Yaya, an fara sayar da fom a Tek, gobe zan saya." Tek ita ce Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi. Na ce madalla, wanne za ka nema, MSc ko MPhil? Sai ya yi shiru, can ya ce ai duk digiri na biyu ne. Nan muka zauna a kan benci har aka kira magariba. Abin da na faɗa masa a ranar shi ne zan shimfiɗa a nan, don na ga yaranmu na Zango da yawa masu ƙwaƙwalwa sun shiga wannan karatu da ƙarfinsu, shekara uku ta wuce suna nan ba takarda, ba don sun kasa ba, sai don ba wanda ya nuna musu sharuɗɗan fita kafin su shiga.

Mataki na farko: ka san takardar da kake nema

A jami'o'in Ghana digiri na biyu iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. MSc karatun aji ne mafi yawa, da ɗan aikin bincike a ƙarshe, kuma galibi shekara ɗaya ne ko da ɗan ɗori. MPhil shekara biyu ne: shekarar farko darussa, ta biyu kacokan bincike da rubuta kundi wanda malamin wata jami'a zai duba. Sai digirin digirgir, wato PhD, wanda ya kamata ka ware masa shekara huɗu a lissafinka.

Idan kana aiki a kamfanonin lantarki irin su ECG ko GRIDCo, ko kamfanin ruwa, ko hukumar manyan hanyoyi, burinka ƙarin ilimi da ƙarin girma a wurin aiki, MSc ya wadatar da kai. Idan kuwa zuciyarka na kan koyarwa a jami'a ko zarcewa zuwa digirgir, to kada ka yi wa kanka gajeriyar hanya, ka nemi MPhil. Jami'o'in gwamnati ba sa ɗaukar malami da digiri na biyu wanda babu cikakken bincike a cikinsa, kuma cikakken matsayin lakcara yanzu sai da digirgir. Na san waɗanda suka yi MSc don ya fi sauri, daga baya suka dawo suka ƙara shekara da kuɗi don su cike gurbin bincike. Tun ran gini ran zane.

Mataki na biyu: ina ake koyar da abin da kake so

Mu mutanen Kumasi abin yana bakin ƙofarmu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda kowa ke kira Tek, ta buɗe a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, kuma kwalejin injiniyancinta ita ce mafi daɗewa a ƙasar nan. Akwai sashen gine-gine da hanyoyi, da na awon ƙasa, da na duwatsu, da na injuna, da na sinadarai, da na man fetur, da na ƙarafa da kayan ƙira, da na noma, da na lantarki, da na kwamfuta, da na sadarwa. A ciki kuma akwai cibiyoyin da aka kafa da tallafin Bankin Duniya musamman don karatun gaba da digiri: RWESCK ta ruwa da tsaftar muhalli, TRECK ta sufuri, da shirin KEEP na ilimin injiniyanci. Mai sha'awar makamashi ya leƙa Cibiyar Brew-Hammond.

Wanda ke Nima ko Mamobi ko Madina yana da Jami'ar Ghana ta Legon kusa, amma ya sani makarantar injiniyanci ta can fannoninta biyar ne: noma, kayan aikin likita, kwamfuta, sarrafa abinci, da kayan ƙira. Mai son ma'adinai ya dubi UMaT a Tarkwa, mai son makamashi da albarkatun ƙasa ya dubi UENR a Sunyani. Ma'aikacin da ba zai iya barin aiki ba ya binciki Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Tek, wadda ke da reshe a Accra da wasu garuruwa, ana lakca a ƙarshen mako.

Kowace ka zaɓa, ka tabbatar hukumar GTEC ta amince da shi kansa kwas ɗin, ba makarantar kaɗai ba. Ita ce hukumar da aka kafa a 2020 don kula da manyan makarantu.

Mataki na uku: ka auna kanka da ma'aunin su

Tek na lissafin sakamako da abin da take kira CWA, wato matsakaicin makin duk darussanka bisa kiredit, nauyin da aka ba kowane darasi. Maki 70 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, 60 zuwa ƙasa da 70 daraja ta biyu babba, 50 zuwa ƙasa da 60 daraja ta biyu ƙarama. Mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba a fannin da ya dace, ƙofar MPhil a buɗe take gare shi. Mai ta biyu ƙarama kada ya karaya: sassa da dama suna duba shi, musamman a MSc, idan yana da shekarun aiki a fannin kuma ya yi abin kirki a intabiyu. A irin wannan hali, shekara biyu da ka yi a wurin gini ko a tashar lantarki hujja ce babba, ka kawo takardar shaida daga wurin aikin.

Mai HND kuma, hanyarsa ta biyo ta cike digirin farko tukuna. Tun da aka mayar da foliteknik jami'o'in fasaha a 2016 wannan ya yi sauƙi, Jami'ar Fasaha ta Kumasi tana nan cikin gari. Wanda ya karanta lissafi ko fiziks ko kimiyyar sinadarai yana iya shiga wasu kwasa-kwasan injiniyanci, sai dai a shirya masa ƙarin darussa na share fage. Mai neman digirgir ana son ya zo da MPhil ko digiri na biyu mai kundin bincike, tare da tsarin binciken da yake son yi.

Mataki na huɗu: takardu, kuma a nan zan daɗe

Za a nemi takardar digirinka, da takardar sakamakon darussa ta dukkan shekaru, da shaidar bautar ƙasa, da katin Ghana, da hoto, da taƙaitaccen tarihin karatunka da aikinka, da wasiƙun shaida daga mutum biyu ko uku gwargwadon makarantar. Takardar sakamako ita ce mai cin lokaci, ka neme ta tun kafin a fara sayar da fom.

Yanzu ga ciwon da ya fi kama mu 'yan Zango: suna. Ka ɗauko duk takardunka ka jera su a kan tabarma, tun daga takardar haihuwa da sakamakon WASSCE har zuwa katin Ghana, ka karanta harafi bayan harafi. Sunayenmu na Musulunci kowane magatakarda da yadda yake rubuta su. Mutum ɗaya sai ka same shi Abubakar a nan, Abubakari a can, Bukari a takardar firamare. Muhammad yana da rubutu kusan biyar. Wani a wata takarda sunan mahaifinsa ne a gaba, a wata kuma nasa. Wani ranar haihuwarsa ta bambanta saboda kawu ne ya kai shi makaranta ya faɗi abin da ya tuna. Ni kaina wannan ya taɓa ni. Harafi biyu kacal suka bambanta tsakanin takardar digirina da katina, wani ofishi ya ajiye fayil ɗina, kafin in gyara lokaci ya ƙure, sai shekara ta zagayo na sake nema. Har yau in na tuna raina yana sosuwa, shi ya sa ba na gajiya da maimaita wannan magana.

Gyaran ba wuya gare shi ba in an fara da wuri. Za ka yi takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa ko a kotu cewa duk sunayen nan mutum ɗaya ne, sannan a buga a gazet ɗin gwamnati. Ka haɗa kwafinsu da takardun nemanka, kuma a fom ka rubuta suna daidai yadda yake a takardar digirinka.

Wanda ya yi digirinsa a waje, ko Turkiyya ko Sin ko Aljeriya ko Maroko ko Rasha, sai ya kai takardarsa GTEC ta tantance ta faɗi matsayinta a ma'aunin Ghana. 'Yan'uwanmu da ke zuwa daga Nijar da Togo da Burkina Faso, takardunsu na Faransanci sai an fassara su fassarar hukuma, kuma za a so shaidar cewa suna iya karatu da Turanci. Su sani kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma akwai takardar izinin zama da za su nema daga hukumar shige da fice.

Batun wasiƙun shaida: aƙalla ɗaya ta fito daga malamin da ya koyar da kai, wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya duba aikinka na shekarar ƙarshe. Limamin unguwa da sarkin Zango mutane ne masu daraja a wurinmu, amma abin da kwamitin ke son ji shi ne ko za ka iya bincike, wannan kuwa malaminka ne ya sani. Ka je ka gaishe shi, ka tuna masa ko wane ne kai, ka ba shi tarihin karatunka, ka ba shi makonni ba kwanaki ba.

Mataki na biyar: tsarin bincike da malamin da zai riƙe ka

Mai neman MSc zai iya wucewa da sauri a nan, takarda ɗaya ta bayyana dalilin neman karatun ta ishe shi. Mai MPhil da digirgir kuwa, nan ne zuciyar al'amarin.

Tsarin bincike shafi kaɗan ne da ke amsa tambayoyi huɗu: mece ce matsalar, me waɗanda suka riga ka suka gano, me kai za ka auna ko ka ƙera, da wane kayan aiki kuma cikin wata nawa. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗauko abu mai faɗi kamar teku. "Matsalar ambaliya a Ghana" ba batun bincike ba ne. Amma ka ce za ka auna yawan ruwan da rafin Aboabo ke ɗauka a damina tsakanin gada kaza da gada kaza, ka gwada shi da faɗin magudanar da ke wurin, ka lissafa abin da shara ke ragewa, wannan aiki ne da za a iya gamawa a shekara ɗaya, kuma kai ka fi kowa sanin wurin don a nan ka tashi.

Unguwanninmu cike suke da irin waɗannan tambayoyi. Ingancin ruwan burtsatse da rijiyoyin Asawase da Sawaba. Nauyin da ke kan taransifoma a unguwar da gida ɗaya ke da ɗaki ashirin. Ƙarfin ƙarfen da maƙeran Suame Magazine ke narkawa su zuba. Yadda pragya, babur mai ƙafa uku na haya, ta sauya tafiyar motoci a mararrabar gari. Laka da gubar da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke zubawa a kogin Offin, wanda madatsar Barekese da ke shayar da Kumasi take kansa. Ɗan Zango yana da abin da baƙo ba shi da shi: zai shiga gida ya yi sallama da Hausa, a ba shi kujera, a bar shi ya ɗebi ruwan rijiya ya tafi da shi ɗakin gwaji.

Kafin ka miƙa fom, ka shiga shafin sashen a intanet ka karanta sunayen malamai da abin da kowanne ke bincike a kai. Ka zaɓi ɗaya ko biyu, ka karanta aƙalla maƙala ɗaya da suka buga, sannan ka rubuta imel gajere: sunanka, abin da ka karanta da darajar da ka fito da ita, batun da kake so, da inda ya haɗu da aikinsa. In mako biyu ya wuce ba amsa, ka shiga trotro zuwa Tek Jankshan ka je ofishinsa da ladabi. Sannan ka yi abin da mutane ke jin nauyin yi: ka nemi ɗaliban da ke ƙarƙashinsa ka tambaye su. Yana karanta babi ya dawo da shi cikin wata ɗaya? Ɗalibai nawa ke hannunsa? Yana da aikin da ke da kuɗin gwaje-gwaje? Matambayi ba ya ɓata. A ganina malami matashi mai lokacinka ya fi maka babban farfesa wanda rabin shekara yana kan jirgi.

Mataki na shida: fom da intabiyu

Ana sayen lambar shiga a banki ko gidan waya ko ta momo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, bisa hanyar da jami'ar ta sanar a shafinta na Makarantar Karatun Gaba da Digiri. Daga can kaɗai za ka ɗauki ranar rufewa da farashi, kada ka dogara da abin da aka turo a WhatsApp, kuma kada ka ba kowa sisi da sunan zai sama maka gurbi. Ka cike da kanka, ka sa lambar waya da imel da kake dubawa kullum, ka adana kwafin komai.

A intabiyu za su tambaye ka aikinka na shekarar ƙarshe, don haka ka sake karanta shi. Za su taɓo tushen fanninka, irin abin da aka koya a shekara ta biyu. Kuma kusan lalle za su tambaya: wa zai biya maka? Ka tafi da amsa ta gaskiya.

Mataki na bakwai: kuɗi

Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai. Ka lissafa ɗaki in za ka zauna a Ayeduase ko Kotei ko Bomso, ko kuɗin mota kullum in daga gida za ka riƙa zuwa. Ka lissafa kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajojin zane da lissafi. Sannan babban abin da ake mantawa: kuɗin bincike. Kowane samfurin ruwa ko ƙasa ko kankare da za a gwada kuɗi ne, zuwa fili kuɗi ne, buga kundi kuɗi ne. Da yawa a shekara ta biyu suke tsayawa cak saboda wannan.

Wuraren da ake nema sun haɗa da hukumar tallafin karatu ta ƙasa, da asusun ilimi na GETFund, da gidauniyar kamfanin man fetur na ƙasa, GNPC, da hukumar DAAD ta Jamus wadda ke da tallafin karatu a cikin Afirka. Cibiyoyin nan uku da na ambata, RWESCK da TRECK da KEEP, sun ɗauki nauyin ɗalibai da dama, sun kuma ba mata da 'yan ƙasashen maƙwabta fifiko, ka je ofishinsu ka tambayi abin da ke akwai a shekarar da kake nema. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu da albashi a rubuce tun kafin takardar gurbi ta fito. Kuma ka zauna da iyali ka faɗa musu gaskiya, cewa shekara biyu hannunka zai yi sanyi wajen biki da suna da cefane. In ba ka faɗa tun farko ba, kunya za ta sa ka raba kuɗin gwaji a hidimar dangi.

Mataki na takwas: sharuɗɗan fita

Ranar da ka yi rajista, ka nemi littafin dokokin karatun gaba da digiri ka karanta shi daga bango zuwa bango. A Tek makin cin darasi a wannan mataki 50 ne, ba 40 ba kamar yadda aka saba a digirin farko. Amma cin kowane darasi bai isa ba, sai jimillar CWA ɗinka ta kai 55 kafin a bar ka ka zarce. Ga yadda abin yake kama mutum. A ce ka ɗauki darussa uku: mai kiredit 3 ka sami 62, wani mai kiredit 3 ka sami 51, mai kiredit 2 ka sami 50. Ka ninka kowane maki da kiredit ɗinsa, 186 da 153 da 100, jimilla 439, ka raba da 8, ya ba ka 54.88. Ba ka faɗi ko ɗaya ba, amma ba ka kai ba. Saboda haka darasi mai kiredit da yawa shi za ka fi ba dare, kuma zangon farko ba lokacin sabawa da wuri ba ne, daga makon farko ake tara maki.

Bayan darussa za ka kare tsarin bincikenka a gaban malaman sashe, sannan ka riƙa gabatar da ci gaban aiki a taron ƙara wa juna sani. In bincikenka ya shafi yi wa mutane tambayoyi ko shiga gidajensu, sai ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka fara. Ka riƙa rajista kowace shekara ko da ba ka shiga aji, don wanda bai yi rajista ba a idon jami'a ba ɗalibi ba ne. In ka wuce wa'adi, ƙarin lokaci sai da takarda kuma da kuɗi.

Ƙannena mata, wannan taku ce musamman. In aure ko haihuwa ko jinyar iyaye ta faɗo a tsakiyar karatu, kada ki ɓace shiru. Akwai takardar neman ɗage karatu, ki rubuta ta ta hannun shugaban sashe tun kafin ki tafi, gurbinki zai jira ki. Wadda ta tafi ba takarda, dawowarta ke da wuya.

Ka fara rubuta kundi tun kana gwaje-gwaje. Duk abin da ka auna ka rubuta shi a littafi da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wuri biyu. Kafin a karɓi kundin za a sa shi a manhajar Turnitin don a ga ko ka kwashi rubutun wasu, saboda haka duk abin da ka ɗauko ka faɗi mai shi, ka kuma faɗe shi da kalmominka. Mai digirgir zai ƙara da jarrabawar tantancewa kafin a tabbatar da shi ɗan takara, kuma ana son ya buga sakamakonsa a mujallun ilimi da ake tacewa. Ka nuna wa malaminka sunan mujalla kafin ka aika, don akwai na bogi masu karɓar dala su buga komai.

Daga nan kundi zai tafi wurin masu dubawa, na ciki da na waje, sai a sa ranar kare shi da baki. Za ka yi bayani na ɗan lokaci, su yi maka tambayoyi, kuma kusan kowa yana fitowa da gyare-gyare. Ka yi su a makon nan da zafinsu, ka kai wa mai dubawa na ciki ya sa hannu, ka miƙa kwafin ƙarshe, ka bi ofis-ofis a wanke ka daga bashin laburare da na kuɗin makaranta. Sai sunanka ya shiga jerin waɗanda za a yaye.

Abu ɗaya da takardar ba za ta ba ka ba shi ne lasisin aiki. Wannan yana hannun Majalisar Injiniyoyi da dokar 2011 ta kafa, ana bi ta ƙungiyoyin sana'a irin su GhIE, ƙungiyar injiniyoyin Ghana wadda ke nan tun 1968, kuma suna son shekarun aiki ƙarƙashin ƙwararren injiniya da rahoton ayyukan da ka yi da hannunka. Ka yi rajista da su tun kana ɗalibi, ka buɗe littafi kana rubuta kowane aiki da ka taɓa, da ranarsa da sunan injiniyan da ya duba shi.